Shin zaman fada fanɗarewa ce ko kuwa al'ada?

Ɗalibi daga Yantala:

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. Ni ɗalibin shekarar farko ne a sashen ilimin zamantakewa na Jami'ar Abdou Moumouni da ke nan Yamai, kuma akwai maganar da ta ɗaure mini kai a darasin fanɗarewa. An koya mana cewa Emile Durkheim ya rubuta a 1895 cewa babu al'ummar da ta rabu da aikata laifi, har ma laifin yana da nasa amfani gare ta. Ta yaya abin da kowa yake ƙyama zai amfani jama'a? Sannan dattawan unguwarmu suna kiran samarin fada, wato majalisar da matasa suke zaman hira da shan shayi a bakin titi, ƴan zaman kashe wando, alhali su ne suke kafa rumfa da jera kujeru idan an yi rasuwa. A ma'aunin wannan ilimi, fada taron fanɗararru ce ko wani ɓangare ne na al'adarmu?

Malami daga Tahoua:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Durkheim bai yabi laifi ba. Abin da ya lura da shi shi ne, duk lokacin da wani ya ƙetare iyaka, jama'a takan haɗa kai ta nuna ɓacin ranta, kuma wannan haɗin kan ne yake tuna wa kowa inda iyakar take. Ka dubi abin da yake faruwa idan an yi ihun ɓarawo a kasuwa: mai tireda, da mahauci, da ɗan dako, waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa su ba, nan take sukan zama baki ɗaya. Ya kuma kawo misalin Sokiratis, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa saboda tunanin da na baya suka ɗauka abin koyi, domin ya nuna cewa wani lokaci mai saɓa wa ƙa'ida ne yake buɗe hanyar sauyi.

Game da fada kuwa, ta dace da abin da Charles Cooley ya bayyana a 1909, wato ƙaramin rukunin da mutane suke haɗuwa ido da ido, suka san sirrin juna, shaƙuwa ce ta tara su ba wata takarda ba. Tana da dokokinta: akwai shugaba, akwai karo-karon sukari da gawayi, akwai gudummawar aure da suna, kuma wanda ya saba shan shayi bai taɓa sa hannu a aljihu ba zai ji a jikinsa. Rukunin da yake ladabtar da nasa ba za a ce ba shi da ƙa'ida ba. Tambayar da ya kamata ka riƙe ita ce, ƙa'idar wa aka saɓa, kuma wa yake da ikon laƙaba suna? Wannan ne Howard Becker ya jaddada a 1963. A ƙauyukanmu na Adar, saurayin da ya ƙi tafiya bida, wato ci-rani, zuwa Abijan bayan an gama girbi shi ne ake yi wa kallon rago, alhali a wani wuri wanda ya bar iyalinsa shekara guda ne zai sha zargi.

Malama daga Harobanda:

Malam, na gamsu da bayaninka, sai dai ina tsoron kada ɗan namu ya ɗauka cewa duk maganar laƙabi ce kawai. Akwai wuraren zaman da ake shan tiramadol, ake tare ƴanmata da maganganun banza, kuma uwar da take fargabar aiken ɗiyarta bayan isha'i ba ƙage take yi ba. Ni na fi ganin hasken abin a wurin Robert Merton, wanda ya bayyana a 1938 cewa idan al'umma ta ɗora wa kowa buri ɗaya amma ba ta buɗe wa kowa halastacciyar hanyar kaiwa gare shi ba, wasu za su nemi ɓarauniyar hanya, wasu kuma su janye jiki gaba ɗaya. Muna son saurayi ya yi aure, ya haɗa lefe, ya ɗauki nauyin iyaye, ga takardar shaidar karatu a akwati babu aiki. Ya kamata kuma a bambance doka da al'ada, domin man fetur na kwalba da ake sayarwa a bakin titi na sumoga ne, amma mai saye ba ya jin ya yi abin kunya.

Dattijo daga Tahoua:

Ɗana, ka haɗa da tarihi. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ce take tara matasa a ƙarƙashin samariya domin aikin gayya da wasannin gargajiya. Bayan Taron Ƙasa na 1991 wannan tsari ya raunana, fada kuma ta yaɗu a birane, ba tare da wani babba a kanta ba, kuma ina ganin rashin wannan linzami ne yake damun tsararrakina fiye da shayin kansa. Ka kuma yi nazarin wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bagobiri zai gaya wa Bazabarme maganar da in wani ne ya faɗa sai an raba su, amma a tsakaninsu dariya ake yi.

Ɗalibi daga Yantala:

Na gode, Baba, na gode malamaina. Zan nemi izinin wata fada da ba tawa ba, in zauna da su in rubuta dokokinsu da irin hukuncin da suke yi wa wanda ya saɓa, sannan in ji ta bakin maƙwabtansu, maza da mata. Malama, shin ya dace in gaya musu tun farko cewa bincike nake yi, ko hakan zai sa su sauya hali a gabana?