Me za mu kira "codeshare" da Hausa?

1/ Tun jiya muke ta muhawara da wasu ma'aikatan jirgin sama a kan kalmomi biyu. "Standby" ba ta ba mu wahala ba: jiran gurbi. Ka zo filin jirgi da tikitin da ba shi da tabbacin kujera, kana sauraron ko wani zai makara. Wani ya ce a kira shi jiran gawon shanu. An yi dariya, an wuce.

2/ "Codeshare" ce ta tsaya mana a wuya. Jirgi ɗaya ne, amma kamfanoni biyu ko uku suna sayar da kujerunsa, kowa da lambarsa. Lufthansa ta tashi daga Frankfurt zuwa Chicago da lambar LH, United kuma ta sayar da wannan tafiya da lambar UA. Duka biyun suna cikin waɗanda suka kafa Star Alliance, ƙawancen kamfanonin jiragen sama, a 1997.

3/ An kawo "jirgin tarayya". Na ƙi, don mai ji zai ɗauka na gwamnati ne. "Haɗin gwiwa" ta yi faɗi, kowace yarjejeniya ana kiranta haka. "Raba lamba" kuwa fassara ce kawai, kuma ba a raba komai, kowa da tasa lambar.

4/ "Jirgin haɗaka" ta fi daɗi a baki, amma ita ce ta fi ba ni tsoro. Tana sa mutum ya zaci kamfanonin daidai suke a kan jirgin. Ba haka ba ne, kuma mai jiran gurbi shi ke shan wahalar wannan zato.

Ga yadda abin yake. Ka buɗe manhajar kamfanin da ya liƙa lambarsa, ka ga Y9, wato saura kujera tara a ajin gama-gari, ka ce alhamdu lillahi. To 9 ɗin nan iyakar abin da allon ke nunawa ne, tara ko fiye. Kuma kujerun da ake son sayarwa ne, ba waɗanda babu kowa a kai ba, tunda kamfanoni kan sayar fiye da kujerun jirgi. A wata yarjejeniyar ma, kaso ne aka yanka wa kamfanin. Kasonsa na iya ƙarewa ka ga sifili alhali jirgin rabi ne, ko ka ga saura a kasonsa alhali jirgin ya cika maƙil.

5/ Taswirar kujeru ma ba abin dogaro ba ce. Akwai masu tikitin da ba su zaɓi kujera ba tukuna.

6/ A bakin ƙofa, ma'aikaciyar da ke kiran sunaye daf da rufewa jerin kamfanin da ke tuƙa jirgin ne a gabanta. Cikin ma'aikatan jirgin sama masu jiran gurbi, nasa ake fara ɗauka, kai baƙo daga wani kamfani kana tsaye da jakarka kana kallon allo.

7/ Don haka ga inda na tsaya: yarjejeniyar a kira ta "haɗakar lamba". Wanda ke tuƙawa shi ne "mai jirgi", wanda ya liƙa sunansa kuma "mai lamba". Gwada a jimla: "Kar ka duba wajen mai lamba, tambayi mai jirgi mutum nawa ke jiran gurbi." Wanda ke da wadda ta fi wannan ya kawo.