Maganadisun Da Nake Gani A FeTe0.55Se0.45: Na Asali Ne Ko Datti?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa masu binciken sufakondakta, wato abubuwan da lantarki ke ratsawa ba tare da wata turjiya ba. Na kai mako uku ina fama da abu guda, kaina ya kulle.

Samfurin FeTe0.55Se0.45 (kiristal na haɗin ƙarfe, teluriyom da seleniyom) da nake aunawa yana zama sufakondakta a wajen digiri 14.5 na Kelbin, kamar yadda aka sani. To amma na'urar SQUID, mai auna ƙanƙanin maganadisu, tana nuna mini ɗan maganadisu da ke maƙalewa bayan na cire filin maganadisun da na sa masa daga waje. Da farko har na yi murna, na ɗauka karyewar daidaiton juyin lokaci ce, wato a nan kiristal ɗin ne ke haifar da maganadisun da kansa, wadda ake alaƙantawa da giɓin makamashin da ARPES (dabarar auna makamashin ilektron ta hanyar haska abu da haske) ke gani a saman kiristal ɗin. Sai na lura alamar ba ta ɓacewa sama da 14.5, kuma akwai wani ɗan lanƙwasa kusa da digiri 120 na Kelbin, daidai inda Fe3O4, wani haɗin ƙarfe da oksijin mai maganadisu da nake zargin shi ne dattin, ke sauya hali.

Na gasa samfurin cikin iskar oksijin kaɗan don rage rarar ƙarfen da ke tsakanin shimfiɗun kiristal ɗin, ina tsoron ko ni na haifar da dattin da hannuna.

Don Allah, ta yaya kuke bambance maganadisun saman da na datti? Awon Kerr (auna maganadisu da hasken da ya dawo daga saman abu) zai raba gardama, ko in koma gashi da tururin teluriyom?