7-1: Wai laifin 'yan bayan Brazil ne kaɗai?

Tsohon Lamba Biyar: Jama'a, jiya na sake kallon wasan Brazil da Jamus na Kofin Duniya 2014, wanda aka buga a Belo Horizonte. Har yau ra'ayina bai sauya ba: duk ƙungiyar da aka zura wa ƙwallo 7, 'yan bayanta ne suka kashe ta. Tun ƙwallon farko, minti na 11, aka bugo kwana, Müller na Jamus yana tsaye shi kaɗai kamar mai jiran mota. Wa ke riƙe da shi? David Luiz, wanda ya ɗaura kambun kyaftin a ranar.

Mai Son Tsakiya: Malam, ƙwallon farko na ba ka. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Koma ka kalli na huɗu. Fernandinho, ɗan tsakiya, shi Kroos ya ƙwace wa ƙwallo a gaban gidansu. A wannan lokacin ko Maldini, gwanin tsaron bayan Italiya, ka ajiye a baya, me zai yi? An riga an buɗe masa ƙofa.

Tsohon Lamba Biyar: To na biyar fa? Hummels ya taso da ƙwallo, David Luiz ya bar gurbinsa ya fito da gudu ya tare shi, bai samu ƙwallon ba, bai samu mutumin ba. Khedira ya ci. Wannan ma Fernandinho ne?

Gola Ba Ya Laifi: Ni golan Brazil, Julio Cesar, nake tausaya wa. Ƙwallo 4 cikin minti 6, daga na 23 zuwa na 29. Bawan Allah bai gama ɗauko ta daga raga ba an sake jefa wata.

Mai Son Tsakiya: Ka ga wannan minti 6 ɗin, ɗan'uwa, nan gizo ke saƙar. Da aka ci 2, ƙungiya mai hankali sai ta ja baya, ta riƙe ƙwallo, ta bari guguwar ta wuce. Su kuwa kowa ya ruga gaba neman ramuwa. Marcelo, ɗan bayan hagu, yana can sama, Lahm da Müller suna shawagi a ɓangarensa. 'Yan gaba ba sa matsa wa mai ƙwallo, 'yan tsakiya ba sa dawowa. Mutum huɗu ba sa tare mutum bakwai. Aikin koci Scolari ne ya tsaya a bakin layi ya ce a nutsu, kuma bai taɓa kowa ba sai bayan hutun rabin lokaci, an riga an ci 5.

'Yar Samba: Kun manta Thiago Silva, babban ɗan bayan Brazil, bai buga ba. Ya ɗauki katin gargaɗi na biyu a wasan Kolombiya, aka saka Dante. Shi ne mai tsawata wa David Luiz. Da yana nan ba a kai haka ba.

Gola Ba Ya Laifi: Hajiya, ai ya dawo a wasan neman na uku da Holan. Ko minti 3 ba a yi ba ya janyo Robben aka ba da fenariti. Aka tashi Holan ta ci 3-0.

Tsohon Lamba Biyar: Yawwa! Kuma ƙwallon Holan na biyu, David Luiz ne ya sa kai ya ajiye wa Blind a tsakiyar gida. Ƙwallo 10 a wasa biyu, ku ce ba baya ba ce?

Mai Son Tsakiya: Hujjata ka kawo, Malam. An maido da wanda ya fi kowa iya tsaron baya, ɗigar ba ta tsaya ba. Ashe ba daga nan rufin ya ɓule ba.

Tsohon Lamba Biyar: Na yarda a raba wa Scolari da Fernandinho kasonsu. Amma na David Luiz kada wanda ya taɓa min shi.

'Yar Samba: Shi kuma Fred da ya yini a gaba bai tsinana komai ba, wa zai ba shi nasa?