Makonni biyu a Indiya: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin zuwa Indiya na makonni biyu. Waɗanne garuruwa ne suka fi dacewa, kuma a wane lokaci?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai, don haka ku tsaya a Delhi, Agra da Jaipur, domin jirgin ƙasa yana haɗa su cikin 'yan sa'o'i. Ku je tsakanin Oktoba da Maris, saboda zafin watan Mayu yakan haura digiri 40, damina kuwa takan sauka daga ƙarshen Yuni. Ku lura cewa ana rufe Taj Mahal, shahararren ginin tarihi da ke Agra, ga masu yawon buɗe ido ranar Juma'a. Ku yi sallarku a Jama Masjid na Delhi, wanda aka kammala a 1656.

Amsa ta biyu: A ganina, Alhaji, bai kamata ku bar Hyderabad ba, inda Charminar, ginin tarihi mai hasumiya huɗu, take tun 1591, kuma abincin halal a wadace yake.

Amsa ta uku: Kada ku manta da katin rigakafin cutar shawara, domin ana neman sa a filin jirgi a hannun waɗanda suka zo daga ƙasashen da ake samun cutar.