Ƙulli 11 da aya 11: daga ina lissafin nan ya fito?

Ɗalibi: Malam, ana cewa sihirin da Labidu ɗan A'asam ya yi wa Manzon Allah (SAW) ƙulli 11 ne, Falaƙi aya 5, Nasi aya 6, kowace aya ta kwance ƙulli ɗaya. Don haka wai duk wanda ya tsinci zare mai ƙulli sai ya bi wannan lissafin.

Malam: Ruwayar Nana A'isha da ke cikin Bukhari ba ta ambaci adadin ƙulli ba. Abin da ta lissafa shi ne mataji, da gashin da ya maƙale a jikinsa, da kwanson furen namijin dabino, a rijiyar Zarwan. Daga baya aka binne rijiyar. Ƙulli ya zo a ruwayar Zaidu ɗan Arƙam, adadin 11 kuwa malaman hadisi sun yi shakkar ingancinsa. Kada mu gina ƙa'ida a kai.

Hajiya: Allah gafarta Malam, amma Falaƙi ai ta ce masu tofi cikin ƙulle-ƙulle. Abin yana nan. Shi mai yi yana ƙulla zare da gashi ko farcen mutum, yana tofawa a kan kowane ƙulli.

Malam: Ban musa ba, Hajiya. Lissafin nake ja. Wanda ya tsinta ya karanta Falaƙi da Nasi, ya kwance ɗaya bayan ɗaya, ko 3 ne ko 20, sannan ya ƙona zaren. In zaren ya jiƙe ya cije, a soka allura a tsakiyar ƙullin a sassauta, fizga ƙara masa ƙarfi take yi.

Baba: Ni ɓarnar da ke damuna bayan tsintuwa take zuwa. Kafin a kwance zare an riga an ɗora wa kishiya ko maƙwabciya, an ruga wurin boka neman karya sihiri, mara lafiya kuma na kwance ba a kai shi asibiti ba. Tsoro ya fi zaren ɗaure mutum. Baƙara aya ta 102 ta ce ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah.

Hajiya: Baba, mai ciwon da likita ya auna bai ga komai ba fa?

Baba: Ya yi ruƙya, ya koma a sake aunawa. Ɗayan ba ya hana ɗayan.

Hajiya: Na yarda da wannan. Amma ni in na tsinci mai 11, aya-aya zan bi shi.