Taƙaitawa: Ɗaga mafi ƙarancin sigar Python a laburarenmu

Jama'a, ga abin da na tsinta daga muhawarar masu rubuta manhaja na nan Zariya kan wace sigar Python (yaren rubuta manhaja) ce mafi tsufa da laburarenmu, wato tarin lambobin da wasu ke amfani da shi a manhajojinsu, zai ci gaba da aiki da ita.

1. Kowa ya yarda a sallami Python 3.8. Tun Oktoban 2024 aka daina toshe mata kafofin tsaro.

2. Kan mayar da 3.10 mafi ƙarancin siga aka rabu. Masu so sun ce za a samu sababbin salon rubutu kamar `match` da `int | None`, sigogin da ake gwaji a kansu ma su ragu. Wasu suka ce a bi sannu: ɗalibai da yawa a Samaru da Kongo suna kan babbar manhajar kwamfuta ta Ubuntu 20.04, wadda da 3.8 take zuwa, ga tsadar data. Sai 22.04 ce ke ɗauke da 3.10. Ni dai hujjar nan ta kama ni.

3. Inda aka fi jan kunne: a gyara `requires-python`, layin da ke faɗin sigar Python da laburaren ke buƙata, cikin fayil ɗin saiti na `pyproject.toml` kafin a saki komai. In an manta, pip, manhajar shigar da laburare, zai sauke wa mai 3.8 sabuwar sigar laburaren, shigarwa ta tafi lafiya lau, sai wajen `import`, wato kiran laburaren, ta watse da saƙon kuskuren rubutu na `SyntaxError`. In an saka, pip da kansa zai koma sigar baya da ta dace.

4. A fitar da sigar laburaren ta ƙarshe mai aiki da 3.8 ɗauke da gargaɗi, sannan a cire 3.8 daga jerin gwaji.

Batun ƙara babbar lambar sigar laburaren, wato ta farko a jerin lambobinta, ba a cimma matsaya ba.