Na koyar a kan tsanani, wata uwa ta fita tana kuka

Malamin aji: Salama, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci. Fasto ne ya damƙa mini ajin nazarin Littafi na ranar Laraba, tun da dattijon da ke riƙe da shi ya koma ƙauye da zama. Ni ba makarantar Baibul na yi ba, lissafi nake koyarwa a sakandare, littattafan da nake shiri da su ma na marigayi babana ne, wasu har gara ta ci bangonsu. Wannan watan batun tsanani muke yi. Na fara da Yahaya 15:20, inda Yesu ya ce in sun tsananta masa, mu ma za su tsananta mana. Na kawo Istifanas da aka jejjefe, da Yakubu da Hirudus ya kashe da takobi. Na ƙare da Folikaf, bishop na Simirna, da aka ce ya zagi Almasihu a sake shi, ya ce shekara 86 yana bauta masa bai taɓa cutarsa ba, aka cinna masa wuta. Sai na ce masu bi na farko ba su san gudu ba. Wata uwa da ta dawo garin nan da 'ya'yanta bayan an ƙone ƙauyensu ta rufe Littafinta, ta ja mayafi, ta fita tana kuka. Har yau ba ta sake zuwa ba. In ci gaba ne, ko in canza batu?

Baba Rabaran mai ritaya: Ɗana, wa ya gaya maka ba su gudu ba? Buɗe Ayyukan Manzanni 8. Ran da aka kashe Istifanas ikilisiyar Urushalima ta watse cikin Yahudiya da Samariya, kuma duk inda suka sauka sai wa'azi. Yesu da bakinsa, a Matiyu 10:23, ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Bulus a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Folikaf ɗin naka ma sai da ya fake a wata gona, can aka je aka kama shi. A labarin nan ne aka ambaci Kwintus, wanda ya miƙa kansa da kansa, da ya ga namun jeji ya tsorata ya yi musun Almasihu. Ikilisiya ba ta yaba masa ba.

Uwar zumunta: Malam, ajiye tarihin nan tukuna. Ɗauki maiɗakinka da ɗan mudun shinkafa ku je ku gaishe ta. Ni da maigidana ya rasu, wa'azin jimrewa na sha kamar ruwa, amma bayan sati ba wanda ya leƙo ya ga ko mun ɗora tukunya. Mijin matar fa, yana da rai?

Ɗan'uwa ma'aikaci: Kada ka canza komai. 2 Timoti 3:12 ya ce duk mai son zaman ibada cikin Almasihu zai sha tsanani. Ni nan a wurin aiki waɗanda na koya wa aiki sun wuce ni, na kuma san dalili.

Baba Rabaran mai ritaya: Kai kuma, ba kowane ɓacin rai ne tsanani ba, karanta 1 Bitrus 4:15-16. Wajen shekara ta 112 gwamnan Bitiniya, Filini, ya rubuta wa Tarajan, sarkin Roma, yadda yake yi: ya tambayi mutum sau uku ko Kirista ne, in ya nace sai kisa. Sunan kawai shi ne laifin. A 250 sarki Desiyus ya ce kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kifriyan, bishop na Kartaj, ya ɓuya yana kiwon garkensa ta wasiƙa, mutane suka yi ta zarginsa. A 258 aka sare masa kai bai yi musu ba. Matsoraci ne shi?

Malamin aji: Baba, na gode, amma ni ban kama sunan kowa ba. Kuma Wahayi 2:10 ikilisiyar Simirna ɗin aka rubuta wa, aka ce su yi aminci har mutuwa. In muka yi ta sassautawa, matasanmu da me za su tsaya ran da abu ya zo? Mama, zancen mijinta ban taɓa tambaya ba.

Uwar zumunta: Ba ka tambaya ba, amma ka yi mata wa'azin gudu?

Baba Rabaran mai ritaya: Aminci daban, tsayawa a gaban wuta da yara ƙanana daban. Ka tashi gaban aji ka gyara maganarka.

Ɗan'uwa ma'aikaci: In ya janye, gobe kowa ya ji zafin Kalma sai ya fita.

Malamin aji: Fasto ya tafi taro sai ƙarshen mako, Laraba kuwa jibi ce. Darasin gaba a kan sarki Niro ne da gobarar Roma ta shekara ta 64, na riga na buga takardun. Gidan da take zaune ma sai na nemi mai raka ni.